Littafin almara kan gidan sarauta: abin da ke jan mai karatu da abin da ke gundurarsa

Me ya sa irin wannan littafi ke riƙe mai karatu har ya raba dare a kansa?

Domin rigimar cikin gida ce aka ɗora wa makomar ƙasa baki ɗaya. Kowa ya san 'yan ubanci da rikicin gado, amma a nan karagar mulki ake gada, saboda haka sunan da sarki ya ambata a bakin mutuwa, ko ya kasa ambata, yana iya jawo yaƙin shekara da shekaru. Gwanintar marubuci takan fito a ɗan ƙaramin ɗaki, inda waziri ke riƙe da hatimi hannunsa yana rawa, uwar yarima kuma tana tsaye a bakin ƙofa ta kasa kunne.

Daga ina marubutan ke samo wannan makirci?

Yawanci daga tarihi suke ɗebowa, sannan su ƙara masa dodanni da tsafi. Gidan Lankasta da gidan Yok sun fara gwabzawa a kan sarautar Ingila a 1455, har Henry Tudor na ɓangaren Lankasta ya yi nasara a yaƙin Bosworth a 1485. A daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa, Sarki Mehmed na Uku ya sa an kashe 'yan'uwansa maza 19 da hawansa mulki a 1595.

To, ina rauninsa?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cusa sihiri a cikin jinin zuriya guda, a ce takobi ba ya zaruwa sai a hannun ɗan gidan, ko dodo ba ya rusuna wa kowa sai jikan sarki. Da zarar an yi haka, an kashe tambayar da ta fi kowace daɗi, wato wa ya cancanci mulki, tun da labarin ya riga ya yanke hukunci tun daga haihuwa. Talakawa kuma sun zama kayan ado: a ƙone gari guda a layi biyu, a ɓata shafi goma kan ɓacin ran gimbiya, manomin da aka tattake wa gona ko suna ba a ba shi ba.

Yawan sunaye da tsawon labari fa?

Matsala ce ta gaske. Idan sarakuna uku suna ɗauke da suna ɗaya, dole mai karatu ya riƙa komawa ga jadawalin zuriya da ke farkon littafi, kuma duk komawar da ya yi zaren labari yana kuɓuce masa.