Me ake nufi da soke hukunci?

Idan aka ce kotu ta soke hukunci, ana nufin kotun da ke sama ta rushe hukuncin da ta ƙasa ta yanke, ya koma tamkar ba a taɓa yanke shi ba. Mutane kan haɗa shi da afuwa, alhali da bambanci. Afuwa, irin wadda sashe na 175 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba shugaban ƙasa ikon yi, yafiya ce, ba ta ce an yi kuskure a shari'a ba. Shi kuwa soke hukunci, kotu ce da bakinta ke cewa ginin da aka yi a kan toka aka yi shi. Wanda aka ɗaure da shaidar zur ba yafiya yake nema ba, so yake a wanke shi.

Samun hakan akwai wuya. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika sake sauraron shaidu ba, takan amince da alƙalin da ya gan su ido da ido. Galibi sai an nuna an yi kuskure a shari'ar, ko an kawo sabuwar hujja mai ƙarfi.

Dubi abin da ya faru a Ingila. A Nuwamban 1974 bama-bamai suka tashi a mashaya biyu a Birmingham, mutum 21 suka mutu. A 1975 aka yi wa 'yan Ireland shida ɗaurin rai da rai. Hujjar ita ce takardun amsa laifi da huɗu daga cikinsu suka sa wa hannu, waɗanda suka ce da duka aka tilasta musu, sai gwajin wani masani da ya ce ya ga alamar sinadarin bam a hannun mutum biyu daga cikinsu. Daga baya aka nuna cewa taɓa katin karta ma na iya ba da wannan sakamako, kuma mutanen sun yi karta a jirgin ƙasa daren da aka kama su. Bincike ya kuma nuna an yi wa bayanan 'yan sanda kwaskwarima.

Sai a ranar 14 ga Maris, 1991 aka soke hukuncin, bayan shekara 16. Wannan shari'a na cikin dalilan kafa hukumar sake duba shari'o'in laifi, wadda ta fara aiki a 1997. Abin da ke ci mini rai shi ne, 'yan sanda uku da aka gurfanar kan shaidar zur, a 1993 aka dakatar da shari'arsu ba tare da an hukunta kowa ba.