Burs, tallafi da resto: yadda gwamnati ke rage tsadar jami'a a Nijar

Da sakamakon bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito, wata maƙwabciyarmu a nan Tawa ta shigo gida da takardun ɗanta ƙunshe cikin leda. Ko zama ba ta yi ba ta ce: "Malam, an ce jami'ar gwamnati kyauta ce. To me ya sa yaron nan yake ta lissafa mini kuɗi?"

Na ce: "Hajiya, zauna ki sha ruwa. Ba kyauta ba ce, sauƙi aka yi, kuma sauƙin nan sai an bi shi da ƙafa."

Ga yadda abin yake. Ɗalibin jami'ar gwamnati yana biyan kuɗin rajista kowace shekara, amma abin da yake biya bai kama ƙafar abin da ake kashewa a kansa ba. Albashin malamai, gine-gine, wuta da ruwa, duk daga baitulmali suke fitowa. Wanda ya taɓa tambayar kuɗin makarantu masu zaman kansu a Yamai ya san bambancin.

Sai dai rajista ba ita ke karya talaka ba. Ci da kwana da kuɗin mota su ne dawainiyar. A nan burs ke shigowa, wato kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi don ya riƙe kansa, kuma hukumar ANAB ce ke kula da shi. Abin da iyaye da yawa ba su gane ba shi ne, cin bak kaɗai ba ya kawo burs. Sai yaro ya nema, ya haɗa takardu: ta haihuwa, ta ɗan ƙasa, takardar makin bak, da shaidar rajista. Ana duba makinsa da shekarunsa. In ya samu ma, ba an gama ke nan ba, kowace shekara sai ya sabunta, kuma yawan maimaita aji na iya raba shi da kuɗin. Wanda bai cika sharuɗɗan burs ba yana iya neman tallafin jinƙai, wanda bai kai burs yawa ba, amma yana toshe wata ɓaraka.

Takardar ɗan ƙasa ce ta fi ba ni tsoro. Yaro daga ƙauyen Keita ko Buza zai yi ƙoƙari ya ci bak, sai lokacin ajiye takardu ya zo a tarar sunan da ke takardar haihuwarsa ya saɓa da na takardar lakkol da harafi ɗaya. Kafin a je kotu a gyara, wa'adi ya wuce. Don Allah iyaye, ku duba waɗannan takardu tun yaro yana ajin ƙarshe na lise.

Sai kuma CROU, ofishin da ke kula da walwalar ɗalibai: ɗakin kwana, resto inda ake cin abinci da tikiti mai rahusa, da asibitin ɗalibai. Gadaje ba sa isa, wannan kowa ya sani, shi ya sa za ka ga samari huɗu ko biyar sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki guda a cikin gari.

A ganina, babban sauƙin da aka yi wa mutanen Adar, yankinmu na Tawa, shi ne kawo jami'a kusa. Shekara da shekaru Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai ta gwamnati, tafiyar sama da kilomita 500 daga nan. A 2010 aka kafa jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Tamu tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya yi bincike a kan Adar. Uban da ba zai bar ƴarsa ta tafi Yamai ba, yau yana barinta ta karanta shari'a ko tattalin arziki tana kwana a ɗakin uwarta.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinkiri. Burs da ya makara wata da watanni ya tashi daga tallafi ya koma kuɗin biyan bashin mai shago. Wannan na cikin abubuwan da suka fi fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi, kuma maganar ta daɗe: ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, cikin zanga-zangar adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu.

Hajiya ta kwance ledar, muka baje takardun a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan ƙasa ce babu. Washegari da sassafe ɗanta ya kama hanyar kotu.