Fentin janti mai ƙarko da ƙirjin yaron da ke fesa shi

Wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba ya zo wurinmu a asibitin unguwa nan Yamai, yana riƙe da ƙirji. Ya ce da rana lafiya lau yake aiki, sai dare ya raba tari ya tashe shi, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana busa usur. Na ce, "Ƙanena, mene ne aikinka?" Ya miƙo mini hannu. Gefen faratansa duk ruwan azurfa, bayan hannun ya tsattsage saboda wanki da diliyan, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Janti, wato ƙarfen da ake sa wa tayar mota, yake fesa wa fenti a wani gareji. Da na ƙara tambaya, ya ce lokacin da ya je ƙauye babbar Salla ya yi sati guda ko tari ɗaya bai yi ba, ya dawo aiki da kwana biyu abin ya dawo.

Tun ranar nake zagaya garejoji, daga gefen Katako har Wadata, ina zama da masu gida a gindin dogon yaro muna magana. Kowa abu ɗaya yake so, mai mota da mai fenti: fentin da zai jure tsakuwar hanya, da jar ƙasa, da zafin birki, da ranar watan Afrilu. Ni ma shi nake so, don duk jantin da ya ɓare bayan wata uku, sai yaro ya sake gogewa ya sake fesawa, ya sake shaƙa.

Fentin ƙaramin gwangwani da ake girgizawa a fesa shi ne mai araha, shi ne kuma mai saurin ɓarewa. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne wanda ake haɗawa da ruwan taurarawa kafin a zuba a bindigar fesawa. Yana yin ƙarfi, yana ƙyalli, ba ya jin man fetur. Amma a cikin ruwan taurarawar nan akwai sinadarin da ake kira isosiyanat, yana kuma cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma a wurin aiki. Hazon da ke tashi daga bindigar ido ba ya ganin mafi yawansa, kuma yana nan a iska bayan an saki kunamar. Yaro ya gama fesawa, ya zare abin hanci don ya duba ko fenti ya kwanta, a daidai lokacin yake cika huhunsa. Abin da ya fi damuna, idan jiki ya riga ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Wasu dole su bar sana'ar da suka yi shekaru suna koyo.

Rawani ko takunkumin takarda na lokacin korona ba ya tare wannan. Mafi inganci shi ne abin rufe fuska da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. In babu shi, a nemi mai gwangwanin gawayi biyu da matatar ƙura, ya kama fuska ba tare da kafa ba, a riƙa canza gwangwanin, a ajiye shi cikin leda a ɗaure. A fesa nesa da inda ake cin abinci, iska na bayan mai fesawa.

Akwai fentin gari, wanda lantarki ke manna shi a jikin ƙarfe sannan a gasa a murhu mai zafin digiri 180 zuwa 200. Ba a sa masa diliyan, kuma ya kan fi sauran jure duka. Inda ake samunsa, shi nake ba da shawara, ko da kuɗinsa ya ɗara. Garin ma ba na shaƙa ba ne, yana buƙatar abin hanci.

Sai dai kowane fenti aka zaɓa, ƙarkonsa daga gogewa yake farawa, nan ma akwai haɗari. Masu feshin yashi da kwamfaresa su sani yashi na farfashewa ya zama ƙurar da ke shiga can ƙasan huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta hana wanke ƙarfe da irin wannan yashi fiye da shekara 70 da suka wuce. Sanfefa da ruwa ta fi: ƙurar na bin ruwa ta zuba ƙasa. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a ƙone shi da wuta, kada kuma a shiga gida da kayan aiki a ɗauki jariri.

Maganar madara fa, kusan kowane gareji sai an ce mini ana sha bayan fenti don ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti huhu ya shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. A sha don abinci ce, kada a dogara da ita. Hannu kuma sabulu da ruwa, ban da fetur, ban da diliyan.

Maigida, kafin a shafa komai a wanke janti a duba tsaga, musamman na aluminiyom, don fenti na ɓoye ta. A bar mazaunin noti da bayan da ke haɗuwa da ƙafar mota ba fenti mai kauri, in ba haka ba noti na iya kwancewa a hanyar Doso ko Tawa. Yaron da kuma ka ji yana tarin dare, ko tarin da ya kai sati biyu, ka sauke shi daga bindiga ka turo mana shi, ya zo da gwangwanin fentin da na ruwan taurarawar mu karanta abin da ke jikinsu.