Ƙaddara da Harshen Damo a Wasannin Ban Tausayi na Tsohuwar Girka

Wasan ban tausayi nau'in wasan kwaikwayo ne da ya bunƙasa a birnin Atina a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. A wancan zamani ana gabatar da shi ne a matsayin gasa a bikin shekara-shekara na Diyonisus, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, a dandalin da ke gindin tsaunin Akrofolis. Maza zalla ke wasan, fuskokinsu a rufe, tare da 'yan amshi masu waƙa da rawa. Marubuta uku ne ayyukansu suka kawo yau: Askilos, Sofokilis da Yurifidis. Yawancin labaransu tsofaffin tatsuniyoyi ne da 'yan kallo suka riga suka sani, don haka ba neman sanin ƙarshe ke kawo mutane ba, sai ganin yadda mutum zai taka da ƙafarsa har ya isa inda aka rubuta masa.

Girkawa sun ɗauki ƙaddara a matsayin rabon kowa. A camfinsu, mata uku ne ke riƙe da zaren rayuwa: Kiloto na kaɗa shi, Lakesis na auna tsawonsa, Aturofos na tsinke shi. Masu son sanin gaibu kuwa sukan je garin Delfi, wurin bautar Afolo, wani abin bautarsu, su yi tambaya.

Babu inda al'amarin ya fito fili kamar wasan Sarki Odifus na Sofokilis, wanda ake kyautata zaton an nuna shi wajen shekara ta 429 kafin Miladiyya. An gaya wa Layus, sarkin Tibis, cewa ɗansa ne zai kashe shi, sai ya sa a yar da jaririn a kan dutse. Makiyayi ya ji tausayi, yaron, wato Odifus, ya tashi a gidan sarkin Korinti. Da ya girma ya ji daga Delfi cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya guje wa Korinti don kare waɗanda yake zaton su ne iyayensa. Gudun gara, faɗa wa zago. A wata mararraba ya kashe wani dattijo, bai san Layus ne ba, a Tibis kuma ya auri Jokasta, matar marigayi sarki, bai san uwarsa ce ba.

Duk wannan ya auku kafin wasa ya soma. Abin da ake gani a dandali shi ne bincike: annoba ta faɗa wa gari, Odifus ya lashi takobin gano wanda ya kashe Layus. Daga nan kusan kowace kalma tasa ta zama mai harshen damo, shi yana nufin abu guda, 'yan kallo na jin wani. Ya la'anci mai kisan, alhali kansa yake la'anta. Ya ce zai tsaya wa Layus kamar ubansa ne. Ya goranta wa Tiresiyas, makahon mai duba, makantarsa, shi kuwa makahon ne kaɗai ke ganin gaskiya. Ɗan aiken Korinti ya zo da niyyar kwantar masa da hankali, maganarsa ce kuma ta tona asiri. Wannan juyi ne Aristotal, masanin falsafar Girka, ya kafa misali da shi a littafinsa kan fasahar waƙa.

Kuskure ne a ɗauki Odifus kamar wanda ake ja da igiya. Tiresiyas, Jokasta da makiyayin duk sun so ya bar maganar, ya ƙi. Kaifin hankalinsa da kishin talakawansa, kyawawan halayensa ke nan, su suka kai shi ga ganin abin da ya aikata, shi ya sa wasan ke da ciwo har yau. Bayan ya tsokane idanunsa, da bakinsa ya ce Afolo ne ya jawo masifar, amma hannun da ya yi aikin nasa ne.

Salon bai tsaya ga Sofokilis ba. A wasan Agamemnon na Askilos, na shekara ta 458 kafin Miladiyya, Kilitemnestara ta shimfiɗa wa mijinta, Sarki Agamemnon, jan ƙyalle tana marabtarsa da daɗin baki, alhali kisansa ta shirya, yayin da Kasandara, baiwar da ya kamo a yaƙi, ke faɗin abin da ke tafe ba mai gaskata ta. A Najeriya, Ola Rotimi ya mayar da labarin Odifus ƙasar Yarabawa a wasan da aka fara nunawa a 1968.