Ma'anar "cin iyaka": tsakanin mai gida da filin ƙwallon makaranta

Cin iyaka shi ne mutum ya zarce da gininsa, ko shingensa, ko shukarsa cikin ƙasar maƙwabcinsa ba da yardarsa ba. Manoma sun fi kowa sanin kalmar, domin da wuya damina ta wuce ba a kai ƙarar wanda garmarsa ta haɗiye kunya ɗaya ko biyu daga gonar ɗan'uwansa ba. To yanzu a Birnin Kebbi da Jega da Argungu maganar ta shigo cikin gari, kuma an fi jin ta a bakin masu gidajen da ke manne da makarantun gwamnati, musamman ta wajen filin ƙwallo. Mai gida ya ce makaranta ta ci masa iyaka, hedimasta ya ce unguwa ce ta cinye filin yara.

Sai dai idan ka zauna ka saurari irin waɗannan koke-koke da kyau, za ka ga abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai wanda rigimarsa ta ƙasa ce: ina layin yake, wa ya tsallake shi. Akwai kuma wanda ko taƙi ɗaya ba a taɓa masa ba, abin da ke damunsa ƙwallo ce da ke lotsa masa kwano, da yaran da ke ɗare masa katanga, da tagar aji da ke kallon tsakar gidansa. Na farko shi ne cin iyaka. Na biyu cutarwa ce, abin da malaman fiƙihu ke kira ɗarar. Hujjar da ake nema a kowanne daban, maganinsa daban, kuma wanda ya tafi gaban hukuma da su a cakuɗe yakan dawo hannu rabbana.

Da yawa daga makarantun firamare na garuruwanmu an kafa su ko an faɗaɗa su ne a zamanin shirin UPE na 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A lokacin bayan gari ake kai makaranta, a yanka mata fili mai yalwa, a gina ajujuwa a gefe guda, a bar sauran don ƙwallo da fareti da gonar makaranta. Katanga babu. Iyakar ita ce layin dogon yaro, ko aguwa, ko wata tsohuwar kuka da kowa ya sani. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo, gari ya miƙe ta Gesse da Badariya da Bayan Kara har ya doshi Gwadangaji. Makarantar da take bayan gari ta wayi gari a tsakiyar unguwa.

Ga lissafin da ke sa wasu haɗiyar miyau. Filin ƙwallo mai tsawon mita 100 da faɗin mita 64 ya kai murabba'in mita 6,400. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo bai wuce murabba'in mita 465 ba. Wato fili ɗaya zai fitar da fuloti 13 har da canji. A idon dillali wannan ba wurin wasa ba ne, fili ne da ke zaune a banza.

Kuma ba a dare ɗaya ake cinye shi ba. Da juji ake farawa. Sai wani ya kafa turke ya ɗaure tumakinsa a inuwar dogon yaro. Wani ya roƙi hedimasta ya ajiye bulo da yashi "kafin a gama aiki". Aiki ya ƙare, bulo bai tashi ba, aka ɗora masa kwano ya zama shagon caji. Bayan shekara biyar an canza hedimasta sau biyu, wanda ya zo bai san da wani aro ba, shago ya zama ɗaki, ɗaki ya samu katanga. Mai shi ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. Na ukun nan da kuɗinsa na gumi ya saya, yana da takardar ciniki da shaidu da hatimin mai unguwa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ne yawanci ake buga wa jan fenti a bango.

Abin da ya tono wannan tsohuwar ajiya shi ne aikin katange makarantu. Tun da aka sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara a Fabrairun 2021, sannan aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin wannan shekarar, ba wanda ke jayayya da cewa makaranta tana bukatar katanga. Amma katanga sai an ja igiya, kuma ranar da ɗan kwangila ya ja igiya ne ake sanin inda kowa ya tsaya.

To me mai gida ya mallaka a doka? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. A cikin birni gwamna ke bayar da shi, da takardar da ake kira C of O, wadda ta gidan zama yawanci shekara 99 ce. A karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa. Wanda ya riga ya gina gidansa kafin 1978 kuwa, dokar ta ɗauke shi tamkar an ba shi, ko da ba ya da takarda. Mutane da yawa sun ɗauka C of O ta kashe bakin kowa. Ba haka ba ne. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar ba ta ƙirƙirar haƙƙi ga wanda tun asali ba ya da shi. Idan wani ya kawo hujjar da ta riga ta kuma ta fi ta ƙarfi, takardar faɗuwa take yi. Saboda haka C of O da aka fitar a kan kusurwar filin makaranta ba ta tsarkake wurin.

Ita ma makarantar ba a yarda da bakinta kawai don ta gwamnati ce. Makarantu da dama ba su da taswirar safiyo, ba su da turakun siminti a kusurwoyi, sai "tun muna yara nan ne ragar gabas". A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, ciki har da tarihin wurin daga bakin waɗanda suka sani, da takardu, da daɗewa ana amfani da shi a bainar jama'a. Shi ya sa tsohon hedimasta mai ritaya, ko dattijon da mahaifinsa ya ba da gonar aka yi makarantar, kan fi tarin takardun awon igiya amfani a irin wannan shari'a.

Akwai hujjar da masu gida ke yawan kawowa daga fiƙihun Malikiyya, wato hauzi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce wanda ya riƙe gida shekara goma ana danganta shi gare shi, mai shi yana nan, ya sani, bai yi magana ba, to ba a sauraron da'awarsa daga baya. Hukuncin gaskiya ne, alƙalanmu suna aiki da shi. Amma yana da sharuɗɗa. Wanda ya shiga wuri da aro ko da izini ba ya hauzi, ko ya shekara arba'in. Kuma malamai ba su zartar da shi a kan abin da yake na jama'a baki ɗaya ba, kamar hanya da waƙafi. Filin da 'ya'yan unguwa duka ke da rabo a cikinsa ya fi kusa da wannan. Ban da haka ma, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa, cewa za a rataya masa shi har ƙasa bakwai, bai ware ƙasar gwamnati ba, duk da yadda wasu ke ganin kayan gwamnati kamar ba mai su.

Idan kuwa makaranta ce ta zarce, ko gwamnati na son faɗaɗa ta zuwa cikin filin mutum na halal, akwai hanya, kuma hanyar ba igiyar ɗan kwangila ba ce. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda amfanin jama'a, amma sai an ba mai wurin sanarwa a rubuce yadda sashe na 44 ya tsara. Sashe na 29 ya wajabta diyya, haka ma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne diyyar ta abin da aka raya wurin da shi ce, gini da rijiya da itatuwa da shuka, ba kuɗin da fuloti ke yi a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili ya bar shi kango yana jiran ya yi tsada, shi ne ya fi shan kashi.

Mu koma kan ɗarar, inda ni a ganina aka fi danne masu gida. Mutum ya rufa kwanonsa da bashi, kullum la'asar sai ƙwallo ta sauka a kai kamar aradu. Iyali na tsakar gida, sai ga kai ya leƙo ta saman katanga: "Inna, don Allah a miƙo muna ƙwallo." Ya je ofishin hedimasta, sai a ce, "Alhaji, haƙuri za ka yi, ai ka tarar da makarantar nan." Idan ya ce ba ɗalibai ba ne, samarin unguwa ne da yamma, sai a ce to ba ruwan makaranta, mu ƙarfe biyu muke tashi.

Duka amsoshin biyu ba su cika ba. Risala, bayan ta kawo hadisin "babu cuta babu cutarwa", ta ba da misalai a sarari: kada mutum ya buɗe tagar da zai riƙa ganin cikin gidan maƙwabcinsa, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙar da za ta cutar da shi, ko da a cikin mallakinsa ne. Ke nan zama cikin iyakarka ba ya wanke ka. Gaskiya ne malamai suna bambanta cutar da mutum ya tarar da wadda aka ƙirƙiro masa daga baya, don haka wanda ya gina gida jikin makaranta ba shi da bakin kukan hayaniyar tara. Amma sabon bene mai tagogi a kan tsakar gidansa, ko indararo da aka juyo cikin lungunsa, ko raga da aka matso da ita jikin bangonsa bayan an gina ajujuwa a rabin filin, duk sababbi ne, ana iya tilasta a gyara. Kuma wanda fili ke hannunsa, ya bar shi a buɗe yana sane da abin da ake yi a cikinsa, ba ya kuɓuta da cewa an tashi.

Dokar Ingila, wadda lauyoyinmu ke kafa hujja da hukunce-hukuncenta, ta taɓa cin karo da irin wannan. A ƙauyen Lintz an shekara kusan 70 ana wasan kurket a wani fili, sai aka gina sababbin gidaje a gefensa, iyalin Miller suka sayi ɗaya a 1972. Ƙwallo ta yi ta faɗa musu duk da an ƙara tsawon shinge. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Miller da Jackson, ta yanke da rinjaye cewa cutarwa ce, kuma "kun tarar da mu" ba kariya ba ce. Amma ta ƙi hana wasan, saboda amfanin jama'ar ƙauyen, ta ba su diyyar fam 400. Wannan ne mai gida ya kamata ya sa a ransa: zai iya samun gyaran kwano, ko waya a saman katanga, ko a juya ragar ta fuskanci wani gefe. Rufe filin kuwa, da wuya wani alƙali ya ba shi, kuma bai kamata ya nema ba, domin 'ya'yansa ma can za su buga.

Ita ƙwallon da ta faɗo gidanka ba ta zama taka ba. Wanda ya soka mata wuƙa don huce haushi ya lalata dukiyar wani, ya kuma raunana ƙararsa da hannunsa. Haka yaro ba shi da ikon tsallako katanga don ƙwallonsa na ciki. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama, kuma malamin wasanni ya fi kowa cancantar koya musu hakan.

Wajen kai kuka, a fara da hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda iyaye da mai unguwa ke ciki. Idan firamare ce kuma abin ya gagara, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Sakandare kuma ma'aikatar ilimi. Maganar layi kuwa ba ta yankuwa da baki, sai an kira safiyon ma'aikatar filaye ya fito da taswira ya nemo turaku, kowa na tsaye. Idan ta kai ga kotu, fili mai takardar gwamna Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumin fara sauraronsa, bisa sashe na 39 na dokar 1978. Kai shi wata kotun ɓata kuɗi da lokaci ne, don ana iya rushe hukuncin a sama. Wanda aka sasanta a zauren hakimi kuma, a rubuta shi, a faɗi tsawon wayar da wanda zai saya da ranar da za a ɗaura, shugaban SBMC da sakataren ilimi su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Hedimastan da ya yi alkawari bana, baɗi wataƙila yana Zuru.