Bishiyar Kirsimeti: ta gona da ta masana'anta

Bishiyar Kirsimeti itace ce mai siririn ganye kamar allura, wadda ba ta kaɗe ganyenta a lokacin sanyi, kuma Kiristoci da yawa, musamman a Turai da Arewacin Amurka, sukan kafa ta a ɗaka ko a dandali a watan Disamba, su ƙawata ta da fitilu da kayan ado. Iri biyu ake samu a kasuwa: wadda aka noma a gona aka sare, da wadda aka ƙera a masana'anta da roba da waya. Zaɓi tsakaninsu ya daɗe da zama abin muhawara, wadda ta haɗa masu saye da manoma da 'yan kasuwa da masana muhalli.

Asali

Al'adar ta taso ne daga ƙasashen da ake magana da Jamusanci a ƙarni na 16, kuma akwai wani rubutu na shekarar 1605 da ya bayyana yadda mutanen birnin Strasbourg ke kafa bishiyar a falonsu suna rataya mata tuffa da furannin takarda. Ta bazu a Ingila bayan 1848, shekarar da jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu sun kewaye bishiyarsu. A wancan zamani daji ake shiga a saro ta, sai daga baya aka mai da ita amfanin gona. A Amurka, gonar farko da aka saba ambata ita ce ta jihar New Jersey, inda aka dasa bishiyoyi 25,000 a 1901.

Ita ma ta ƙira a Jamus aka soma ta, a ƙarni na 19, lokacin da ake kokawa da yawan sarar daji. Gashin dinya ake rinawa kore, a naɗa shi a jikin waya ya zama reshe. A shekarun 1930 kamfanin Addis ya yi amfani da injinan da yake yin buroshin wanke masai wajen ƙera rassa masu ƙwari, waɗanda ke iya ɗaukar kayan ado masu nauyi. Daga 1959 aka yi yayin bishiyar alminiyum mai ƙyalli, wadda aka fi ƙerawa a garin Manitowoc na jihar Wisconsin. Da yake ƙarfe ce, ba a sa mata fitilun lantarki don gudun jan wuta, sai dai a ajiye wata fitila mai juyawa a ƙasa tana haska ta da launuka. Yayin bai wuce tsakiyar shekarun 1960 ba.

Yadda ake samar da su a yau

Mafi yawan bishiyoyin masana'anta na yanzu da robar PVC ake yin su: a yanka fallen roba siri-siri, a murɗe shi tsakanin wayoyi biyu, a ɗaura rassan a jikin sandar ƙarfe. Masu tsada kuwa a kan zuba wata roba ta dabam a cikin mazubin da aka kwaikwayo daga reshen gaske, har ya zama daga nesa da wuya a bambance. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan bishiyoyi daga Sin suke fitowa, musamman lardin Guangdong da birnin Yiwu, kuma a jirgin ruwa suke isa kasuwannin duniya.

Ta gona tana cin shekara 7 zuwa 10 kafin ta kai tsawon mita biyu, kuma duk shekara sai manomi ya bi ta da wuƙa yana datse rassan, domin in an bar ta ba za ta yi wannan siffa mai faɗin gindi da tsinin kai da masu saye ke nema ba. A Amurka jihohin Oregon da North Carolina ne kan gaba, kuma ƙungiyar manoman bishiyar ta ƙasar takan ce ana sayar da miliyan 25 zuwa 30 a shekara. A Turai nau'in Nordmann ya fi karɓuwa saboda ganyensa ba ya saurin zuba, kuma Denmark kaɗai tana fitar da kimanin miliyan 10 a shekara, akasari zuwa Jamus. Abin da masu saye ba su cika sani ba shi ne, irin da ake shukawa a waɗannan gonaki yawancinsa daga yankin Racha na ƙasar Jojiya yake zuwa, inda mutanen ƙauye ke hawa dogayen bishiyoyi masu mita 40 ko fiye a watan Satumba su tsinko 'ya'yan da hannu, aiki mai haɗari wanda ladansa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin bishiya guda a shagon Berlin.

Batun muhalli

Nan ne gardama ta fi zafi. Mutane da yawa suna ganin sare bishiya kowace shekara ɓarna ce, alhali bishiyoyin nan shuka su aka yi don a sare, ana maye gurbinsu da sababbi, kuma muddin suna tsaye suna zuƙar iskar kabon. Aibin gonakin yana wajen taki da maganin ƙwari da na ciyawa, da man da ake ƙonawa wajen jigila. Ita kuwa ta roba daga man fetur da ƙarfe take, ba ta ruɓewa, kuma da yake robar da wayar a murɗe suke wuri guda, kusan ba a iya sake sarrafa ta.

Cibiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa bishiyar roba mai mita biyu tana jawo hayaƙin da ya kai kilo 40 na kabon, ta gona kuwa kilo 16 in an jefa ta a juji, inda take ruɓewa tana fitar da iskar metan, amma kilo 3.5 kacal in an niƙa ta ko an ƙone ta. A wannan lissafi sai an yi fiye da shekara 10 ana amfani da ta roba kafin ta yi kunnen doki da ta gonar da aka niƙa ko aka ƙone. Wani nazari da kamfanin Ellipsos na Montreal ya fitar a 2009 ya ce shekara 20 ake bukata, yayin da nazarin da ƙungiyar masu sayar da bishiyar roba ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a 2018 ya ce shekara 5 ta isa. Tazarar ta samo asali ne daga abin da kowane nazari ya ɗauka game da nisan jigila da makomar bishiyar, kuma ya dace mai karatu ya lura da wanda ya biya kuɗin kowane bincike. Abin da duka suka nuna shi ne, yawan shekarun da aka riƙe ta roba, da inda aka kai ta gona a watan Janairu, su ne ke canza lissafin fiye da komai.

Kula a gida

Bishiyar gona tana son hidima. Da an kawo ta, ana yanke kamar santimita biyu daga gindin, saboda ƙaro yana toshe wurin da aka sare, sa'an nan a tsayar da ita cikin mazubi mai ruwa. A kwanakin farko takan sha lita biyu ko fiye a yini. In ruwan ya ƙafe har gindin ya fito fili, ƙaron ya sake toshe shi, ganye ya soma zuba a kan darduma, kuma busasshiyar bishiya in ta kama wuta cikin daƙiƙoƙi take cinye ɗaki. Masu son ta sukan ce ƙamshinta ya biya wahalar, ko da yake wasu masu asma sukan sha fama da funfunar da ke zuwa a jikinta. Ta roba ba ta bukatar ruwa, kuɗinta na farko ya fi yawa amma sau ɗaya ake biya, sai dai tana cin wuri a ɗakin ajiya wata 11 tana tara ƙura, kuma wasu tsofaffin samfura an yi su da robar da ke ɗauke da dalma.

A ƙasashe masu zafi zaɓin kusan babu shi, domin waɗannan itatuwa na ƙasashen sanyi ne. Shi ya sa a majami'u da shaguna da gidajen Kiristoci a Jos da Kaduna da Legas ta roba ce ake gani.

Bayan biki

Birane da yawa suna tattara bishiyoyin gona su niƙa su a zuba a gindin shuke-shuken lambu, kamar yadda birnin New York ke yi kowace shekara. A gaɓar tekun Lancashire ta Ingila ana binne su rabi a cikin rairayi don su tare yashin da iska ke kwashewa, a jihar Louisiana kuma ana jera su a fadamu don rage zaizayar ƙasa. Gidan namun daji na Berlin yakan ba giwaye bishiyoyin da suka yi kwantai, ba ya karɓar waɗanda suka fito daga gidajen mutane don gudun ragowar waya da kayan ado. Akwai kuma gonaki a Birtaniya da Jamus da ke ba da hayar bishiya mai rai a cikin tukunya, a mai da ita gona bayan biki, har ranar da ta yi wa falo tsawo a dasa ta a ƙasa.