Karisma Kapoor

Karisma Kapoor jarumar fina-finan Indiya ce da tauraronta ya haska a masana'antar fim ta harshen Hindi daga 1991 zuwa farkon shekarun 2000. An haife ta a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, ranar 25 ga watan Yuni, 1974. Ita ce mace ta farko daga tsatson Raj Kapoor da ta ɗauki fim a matsayin sana'a, duk da tsohuwar al'adar gidansu da ta keɓe harkar ga maza. Ta lashe lambar yabo ta ƙasa kan harkar fim sau ɗaya, da kyautar Filmfare, wadda mujallar fina-finai ta Filmfare ke bayarwa, sau huɗu. A gida da wajen masoyanta ana yi mata laƙabi da Lolo.

Gidan da ta fito

Ba a cika samun gidan da ya daɗe yana riƙe da sana'ar fim a Indiya kamar gidan Kapoor ba. Tushensa Prithviraj Kapoor ne (1906 zuwa 1972), wanda ya yi karatu a Peshawar, cikin ƙasar Pakistan ta yau, ya sauko Bombay tun zamanin da fim bai fara magana ba. A 1944 ya kafa ƙungiyar wasan daɓe ta Prithvi Theatres. 'Ya'yansa maza uku, Raj da Shammi da Shashi, duk sun zama manyan jarumai. Raj Kapoor, kakan Karisma, shi ya kafa kamfanin fim na R.K. a 1948, kuma fina-finansa irin su Awaara da Shree 420 sun tsallake iyakar Indiya har zuwa Tarayyar Sobiyat.

Mahaifin Karisma shi ne Randhir Kapoor, babban ɗan Raj. Mahaifiyarta Babita ita ma jaruma ce, 'yar ɗan wasa Hari Shivdasani, kuma 'yar uwar fitacciyar jaruma Sadhana. Da Babita ta auri Randhir a 1971 sai ta ajiye fim. Haka Neetu Singh ta yi bayan ta auri Rishi Kapoor a 1980. Wannan shi ne tsarin ɓangaren Raj Kapoor: matar da aka auro ta bar kyamara, 'yar da aka haifa kuma ba ta ma kusantarta. Ba duka zuri'ar ce ta bi tsarin da tsanani ɗaya ba, domin Sanjana, 'yar Shashi Kapoor, ta ɗan fito a wasu fina-finai a shekarun 1980 kafin ta koma kula da gidan wasan daɓe na iyalinsu. Amma a gidan Raj kansa ba a taɓa gani ba.

Randhir da Babita sun raba gida a 1988, shekarar da Raj Kapoor ya rasu, ba tare da igiyar aure ta tsinke ba, kuma sun sake daidaitawa a 2007. A tsakanin nan Babita ce ta riƙe Karisma da ƙanwarta Kareena, wadda aka haifa a 1980. Ita ce kuma ta tsaya wa babbar 'yar tata lokacin da ta ce fim za ta yi. Karisma ta yi karatu a makarantar Cathedral and John Connon, ta ɗan taɓa Kwalejin Sophia, sannan ta bar karatu ta shiga masana'anta.

Shekarun fafutuka

Wanda ya ji sunan gidansu zai ɗauka shimfiɗa aka yi mata ta hau. Ba haka abin ya kasance ba. Al'ada ce kamfanin R.K. ya ƙaddamar da 'ya'yan gidan maza, kamar yadda Raj Kapoor ya yi wa Rishi da fim ɗin Bobby a 1973. Karisma ba ta sami wannan gata ba. Fim ɗinta na farko, Prem Qaidi, na 1991, furodusa D. Ramanaidu daga kudancin Indiya ne ya shirya shi, abokin fitowarta kuma Harish Kumar ne, wanda shi ma sabon shiga ne a fina-finan Hindi. Tana da shekara goma sha shida lokacin da aka saki fim ɗin.

Daga nan ta riƙa karɓar aiki kusan duk wanda ya zo. Wasu sun karɓu, kamar Jigar na 1992 tare da Ajay Devgn, da Anari na 1993 tare da Venkatesh, da yawa kuma sun faɗi an manta da su. Jaridun nishaɗi ba su raga mata ba a lokacin, suna sukar shigarta da gashinta da girarta fiye da yadda suke duban wasanta. A 1994 ma ta shiga tsaka mai wuya saboda wasu waƙoƙi biyu, ɗaya a Raja Babu ɗaya a Khuddar, da aka ce sun yi batsa, har sai da aka sauya kalmomin ta Khuddar. Laifin ya fi sauka a kanta, alhali ba ita ta rubuta ba, ba ita ta tsara rawar ba.

Abin da ya riƙe ta a waɗannan shekaru shi ne haɗuwarta da jarumi Govinda da darakta David Dhawan. Raja Babu, Coolie No. 1 na 1995, Saajan Chale Sasural na 1996, Hero No. 1 na 1997, duk fina-finan barkwanci ne da suka cika gidajen kallo. Masu sharhi sukan raina su, amma tsayawa gefen Govinda a rawa ko a raha ba aikin rago ba ne, mutum ne mai saurin jiki da saurin baki, kuma 'yan mata kaɗan ne suka iya bin sawunsa ba tare da sun koma ado a gefen hoto ba. Karisma ta iya. A 1994 ta kuma fito a Andaz Apna Apna na Rajkumar Santoshi tare da Aamir Khan da Salman Khan da Raveena Tandon, fim ɗin da bai yi kasuwa ba da farko amma daga baya ya zama abin so.

Raja Hindustani da abin da ya biyo baya

Shekarar 1996 ce ta juya al'amarinta. A Raja Hindustani, wanda Dharmesh Darshan ya ba da umarni, ta fito a matsayin Aarti, 'yar attajiri da ta faɗa soyayya da direban tasi, wato Aamir Khan, ta aure shi, dangi kuma suka shiga tsakani. Fim ɗin shi ya fi kowane fim ɗin Hindi kawo kuɗi a shekarar, waƙarsa ta Pardesi Pardesi ta karaɗe ko'ina. Mai tsara sutura Manish Malhotra ya sake mata kama gaba ɗaya, ya miƙar da gashin, ya sauƙaƙa kwalliyar, har wasu suka ce kamar wata ce daban. Ta karɓi kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma.

A shekarar da ta biyo baya darakta Yash Chopra ya ba ta matsayin Nisha a Dil To Pagal Hai. Nisha 'yar rawa ce da ke son abokin aikinta, wanda Shah Rukh Khan ya taka, shi kuwa zuciyarsa na wajen wata, wato Madhuri Dixit. Matsayi ne na mai mara baya, kuma yana nufin tsayawa gaba da gaba da Madhuri, wadda a lokacin ba a haɗa ta da kowa a fagen rawa. Karisma ta karɓa. Wurin da Nisha ke bakin ruwa tana jifa da duwatsu tana kuka, tana zargin ƙaddara sannan ta dawo tana zargin kanta, yana cikin abin da ya fi zama a zukatan masu kallo a fim ɗin. Da wannan matsayi ta sami lambar yabo ta ƙasa da kuma Filmfare, duka a rukunin jaruma mai mara baya.

Kasuwarta ta ci gaba da ci. Judwaa a 1997, sai Biwi No. 1 da Haseena Maan Jaayegi da Hum Saath-Saath Hain duk a 1999. A Biwi No. 1 ita ce matar gida da mijinta ya bi wata, kuma a kanta labarin ya ginu, abin da ba kasafai ake yi wa mace ba a fina-finan barkwancin wannan zamani.

Fiza da Zubeidaa

Waɗannan fina-finai biyu su ne ƙololuwar aikinta. Fiza, na 2000, Khalid Mohamed ne ya ba da umarninsa. Labarin wata budurwa Musulma ce da ɗan'uwanta Aman ya ɓace a rikicin addini da ya auku a Bombay a ƙarshen 1992 da farkon 1993. Bayan shekara shida ana jira, uwa na sintiri ofishin 'yan sanda, sai Fiza ta tashi da kanta ta tafi nemansa. Hrithik Roshan ne Aman, Jaya Bachchan ce uwar. Karisma ta fito kusan babu kwalliya, da murya mai kaushi da fushin wanda jira ya gajiyar, ta yi fito-na-fito da 'yan siyasar da ke son cin riba da hawayen gidansu. Ta sake lashe Filmfare ta gwarzuwar jaruma.

Zubeidaa, na 2001, aikin darakta Shyam Benegal ne, ɗaya daga cikin jagororin fina-finan fasaha na Indiya, kiɗan kuma na A. R. Rahman. Khalid Mohamed ne ya rubuta shi bisa rayuwar mahaifiyarsa, Zubeida Begum, wadda ta auri Maharaja Hanwant Singh na Jodhpur, suka rasu tare a haɗarin jirgin sama a 1952. A fim ɗin, Zubeidaa yarinya ce mai son fitowa a fim, mahaifinta mai kamfanin fim ya hana ta, ya yi mata auren da bai ɗore ba, daga baya ta zama amarya a gidan sarauta inda Rekha ke uwargida. Da wuya mai kallo ya ga 'yar da uba ya toshe wa hanyar kyamara bai tuna gidan da jarumar kanta ta fito ba. Masu sharhi sun ba ta kyautarsu ta Filmfare a kan wannan rawa. A 2002 ta fito a Shakti tare da Nana Patekar, a matsayin uwar da ke kokawa da surukinta don ta tsira da ɗanta.

Aure da janyewa

An yi mata baiko da Abhishek Bachchan a 2002, amma maganar ta watse bayan 'yan watanni. A watan Satumba na 2003 ta auri ɗan kasuwa Sunjay Kapur, suka haifi 'ya'ya biyu, mace a 2005, namiji a 2010. Auren ya mutu a kotu a 2016. Sunjay Kapur ya rasu a Ingila a watan Yuni na 2025.

Ta janye daga fim tana da shekara ashirin da tara, daidai lokacin da manyan daraktoci suka fara ba ta ayyuka masu nauyi, kuma wannan rashi ne ga masana'antar. Ta yi wasan talabijin mai dogon zango, Karishma: The Miracles of Destiny, daga 2003 zuwa 2004. Yunƙurin dawowarta da Dangerous Ishhq a 2012 bai yi nasara ba. Ta fito a Mentalhood, shiri mai dogon zango na intanet, a 2020, sai Murder Mubarak da Netflix ta saki a 2024, tana kuma zama alƙaliya a gasar rawa ta talabijin jefi-jefi.

Lokacin da ƙanwarta Kareena ta fara fim da Refugee a 2000, babu wanda ya ƙara tayar da zancen cewa 'yar gidan Kapoor ba ta fitowa a fim.